Wayar da Injiniya Ya Ɗaure, Ni Na Kwance Ta

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, jim kaɗan bayan la'asar, Wanda Ya ba ka aron rai Ya karɓi abinSa, Injiniya, kana da shekara saba'in da ɗaya. Ba a kan gado ka cika ba, ba kuma a asibiti ba. A ƙasan ɗakin aikinka aka same ka, cikin fasassun kwalabe, jini ya malala har dokin ƙofa. Washegari da hantsi muka kai ka makwancinka. Can za mu tarar da kai, kowa da ranarsa. Allah Ya sa ka huta.

Ni ne mai filin gwangwan da ke bayan tashar mota, wanda ka raɗa wa suna Mahauci, sunan ya bi ni har jikokina ba su san wani ba. Ba ni ya kamata in rubuta maka ta'aziyya ba. Kana da abokai masu ilimi da kuka yi aikin gidan rediyo tare, sun fi ni alƙalami nesa ba kusa ba. Ni shekara talatin da biyar abin da na sani guduma ne da sikeli. Amma akwai wata baiwar Allah, matar babban ɗanka, da ke zaune yanzu a gidan ubanta da shatin yatsu a fuska, an ce ita ta yi sanadin mutuwarka. Ba ita ba ce. Ni ne. A gaban jama'a aka ɗora mata, saboda haka a gaban jama'a zan sauke mata. Sai dai wanda bai san ka ba, bai san ɗakin nan naka ba, ba zai gane yadda wayar da ba ta kai kamu ɗaya ba take kashe mutum ba. Bari in faro daga inda muka faro.

Da dambe muka san juna, shekara ashirin da biyu ke nan. Wata makarantar koyon sana'a ta share sitonta, aka zubo mini mota guda ta tsofaffin akwatunan ƙarfe. Ni a wurina duk ɗaya ne: a fasa, jar waya gefe, alminiyam gefe, baƙin ƙarfe gefe. Na ɗaga guduma a kan wani akwati mai ƙaramar fuska ta gilashi, sai na ji an damƙe mini hannu ta baya. Ina waiwayawa na ga wani siririn mutum da tabarau, biro uku a aljihun riga, yana huci.

Ka ce, "Kai mahauci ne? Ka san abin da za ka fasa?"

Na ce, "Malam, sakar mini hannu kafin in haɗa da kai."

Ba ka saka ba. Na fizge, ka sake kamawa. Na hankaɗa ka, ka faɗi a kan tarin ƙarafa, ka taso ka yo kukan kura ka ɗirka mini goshi a baki, haƙorina na gaba ya yi waje. Gudumar ta suɓuce ta sauka a kan akwatin da ke kusa. Kwalbar cikinsa ta tarwatse da ƙara, gilashi ya watsu, wani ya tsaga maka gira. Jini yana sauka a kan tabarau, ko shafawa ba ka yi ba. Ka durƙusa a gaban wanda ya fashe kana jujjuya shi, ka ce, "Wannan ya girme ka, kuma ya fi ka amfani." Ina tofar da jini, dariya ta ƙwace mini. Na ce ka kwashi wanda ka ceta ka ɓace mini da gani. Ka ciccibe shi, ka tafi kana tangaɗi, don ya kusa nauyinka.

Bayan wata guda ka dawo da ɗinki a gira, ka ce sai na zo na gani. Na bi ka ne kawai don in rabu da kai. Ɗakin tsohon gareji ne, ƙofarsa a bakin titi, wata ƙofar kuma ta ciki da ke shiga tsakar gida. Kantoci tun daga ƙasa har rufi. Mitoci masu allura sun fi arba'in, wasu a cikin akwatin katako da ka goge da mai. Ga injin gwada bawul, kwalaben nan masu haske da ke cikin rediyon dā. Ga masu fitar da ƙara siririya da ake auna wasu injinan da su. A bangon baya ka jera manyan kwalabe na ajiya, irin wadda muka fasa, kowace a naɗe da jarida. Warin dalma da na ƙurar da ta yi zafi shi ke tarbar mutum tun daga waje. Akwatin da muka yi faɗa a kansa yana kan tebur, fes da shi. Ka ce sunansa asiloskof, aikinsa ya zana wa mutum wutar da ke gudu a cikin waya don ya gan ta da ido. Ka kunna, muka jira ya ɗumama, wani koren layi ya fito ya kwanta a fuskarsa. Ka miƙo mini makirfo ka ce in yi magana. Na ce, "Me zan ce?" Layin ya yi tsalle ya kakkarye. Ka ce, "Ga muryarka nan, Mahauci. Ko a hoto ba ta da kyau."

Daga ranar na kafa doka a filina: duk abin da ke da allura ko fuskar gilashi, a aje shi gefe. Ma'aikatana suna yi mini dariya, suna cewa Oga ya yi sabon ubangida. Ban damu ba. Duk mako sai ka zo ka tone tarin da hannunka, ka zage ni a kan abin da aka lotsa, ka ɗauki abin da ya tsira. Ba sayarwa kake yi ba. Mutane sun kasa gane wannan, ni ma sai da na daɗe. Sai ka yi wata huɗu a kan inji ɗaya, kana neman ƙwaya guda da aka daina ƙerawa tun ba a haifi 'ya'yanka ba. In ya tashi, ka auna shi da wani, ka auna wannan da wani, har sai bakinsu ya zo ɗaya. Sannan ka manna masa takarda da kwanan wata, ka ɗora a kanta, ka jawo wata gawar.

Masu gyaran rediyo da talabijin na unguwa kowa ya san ƙofarka. Suna kawo mitocinsu ka daidaita musu, ba ka taɓa karɓar ko ruwan sha ba. Amma a gaya wa wanda bai sani ba, zuciyarka a wuya take. Na ga ranar da wani mai gyara ya kawo mita da ya cire mata fis ya cusa ƙusa a gurbin. Ka ɗaga ta ka maka da bango, ta yi raga-raga, ka bi shi har titi da sanda kana cewa zai kashe ɗan mutane. Da yamma ka aika masa da taka, wadda ka fi so, a naɗe cikin tawul. Haka kake. Duk wanda ka daka, sai ya wayi gari da kyautarka a hannu.

Ni ma na sha nawa. Wata rana ina tsaye a kanka kana aiki a cikin wani inji da ka buɗe wa ciki, ba a jone yake da wuta ba, na ga igiyarsa a ƙasa da idona. Na miƙa hannu zan nuna maka wani gwangwani mai kyau da ke ciki. Ban san lokacin da ka ɗauki sandar nan taka ta katako ba. Ka sauke mini ita a bayan hannu da duk ƙarfinka, ƙaramin yatsana ya karye, har yau a karkace yake. Na daka tsalle ina ashar, na ɗaga ɗaya hannun zan kai maka naushi. Ko kallona ba ka yi ba. Ka ɗauki tsohon sukundireba mai ƙotar roba, ka haɗa bakin gwangwanin biyu da shi. Wani farin haske ya tashi da ƙara kamar an harba bindiga a cikin ɗakin. Da kunnena ya dawo, ka nuna mini bakin sukundireban, ya narke ya dunƙule.

Ka ce, "Da yatsanka ne wannan. Sunansa kwandansa. Wuta yake haɗiyewa ya ɓoye. Kuma manyan suna da riƙo, Mahauci. Ko ka juye musu ita tas, in ka bar su, sai su sake tarawa da kansu a hankali."

Shi ya sa kake da al'adar da ba ka taɓa karyawa ba. Duk babban kwandansan da ka gwada, sai ka juye masa wuta, sannan ka kawo jar waya mai kauri ka ɗaure bakinsa biyu, ka murɗe da filaya. Muddin wayar tana nan, ba ya iya tara komai, ko jariri zai iya rungumarsa. Wanda bai da ɗauri, da hannu ɗaya kake tunkararsa, ɗayan a aljihu. Wanda ka ɗaure, kana ɗaukarsa da hannu biyu hankali kwance. Ka faɗa mini wannan ya fi sau goma. Ina rubuta shi a nan don kada wani ya yi mini uzuri ya ce ban sani ba. Na sani.

Kuma kada wani ya ɗauka duka kawai na ci a hannunka. Shekara tara da suka wuce muna ƙona tarin waya a filina don robar ta zube a sami jan ƙarfen. Wani galan da na ɗauka fanko ne ashe da sauran fetur a ciki. Ya fashe a gefena. Rigata ta kama daga ƙugu har wuya, na shiga gudu ina ihu, ma'aikatana kowa ya yi ta kansa. Kai da ka zo tonon kayanka, kai ka tare ni. Ka kwashe mini ƙafa na zube, ka haye kaina kana mirgina ni a ƙasa, kana dukan wutar da tafin hannunka. Roba ta narke ta manne maka. A asibiti gadonmu yana kusa da juna, na ga lokacin da ake ɓare maka fatar tafi, kana cije da gefen matashi. Da na ce maka na gode, cewa ka yi, "Rufe mini baki. In ka mutu wa zai riƙa aje mini kaya?"

Wata uku ba ka iya riƙe ƙarfen dalma ba, kuma yatsunka ba su sake komawa daidai ba. A lokacin ne surukarka ta shiga ɗakin. Tela ce, ba ta daɗe da zuwa gidan ba, mijinta, babban ɗanka, direban babbar mota ne da ke yin mako biyu a hanya. Ta ga kana fama da wani siririn zare da ke juya allurar inji, ya ƙi shiga inda kake so. Ta ce, "Baba, kawo in gwada." Ta zura shi a tashi ɗaya. Daga nan ta zama hannunka. Da yanar ido ta fara rufe ka, ta zama idonka kuma. Ita ke karanta maka launukan da ke jikin ƙananan kaya, ita ke gaya maka inda allura ta tsaya. Ɗakin da matarka ta shekara arba'in ba ta isa ta sa masa tsintsiya ba, ita kaɗai ka yarda ta share. Na sha jin kana cewa da ita ka haifa da tuni ka huta. Wannan yardar taka ce aka juya aka dake ta da ita.

Yanzu ga ranar Talata.

Mako biyu kafin nan an kawo mini kayan wani tsohon injin watsa shirye-shirye, na ware maka kwandansa guda mai girman galan, mai ƙahoni biyu farare a ka. Ka yi murna kamar an ba ka doki. Ranar Talata tun safe ka ɗora shi a kan wuta mai ƙarfi kana gwada shi, sa'o'i. Kusan azahar ka juye shi, ka ɗaure shi da jar waya, ka bar shi a kan tebur ka tafi masallaci, daga can ka wuce gaisuwar wani mara lafiya. Surukarka ta shiga ta yi shara ta fita. Bayanta na zo ni, ta ƙofar titi, wadda ba ka kullewa da rana, na kawo maka wata ƙaramar mita. Ba wanda ya gan ni, don shekara ashirin ba na sallama a ƙofar nan. Na zauna a kan kujerarka ina jira. Wayar salulata ta yi ƙara, wani mai mota ne da ya juye mini kaya a inda ban ce ba. Muka kaure da faɗa. Ina zaginsa, yana rama wa, na miƙe, na zauna, na buga tebur. Duk tsawon wannan hannuna na hagu yana aikinsa. Shekara talatin da biyar, duk inda yatsuna suka ji jar waya sai sun warware ta, sun naɗe, sun sa a aljihu. A bakin hanya ina yi, a gidan biki ina yi, matata ta gaji da zazzage mini aljihu kafin wanki. Wallahi ban san na yi ba. Na gama faɗan na fita a fusace zuwa fili, har mitar da na kawo na manta na koma da ita.

Ka dawo bayan la'asar. Abin ya samu kusan awa uku yana tarawa. Idonka ba ya ganin siririn abu a inuwa, kuma ba ka da dalilin dubawa, don abin da ka ɗaure da hannunka ba a taɓa kwance maka shi ba. Ka kama shi da hannu biyu za ka mayar kanta. Surukarka ta ce daga tsakar gida ta ji ƙarar, sannan ta ji wata ta biyu mai tsawo. Wutar ce ta ɗauke ka ta jefa ka da baya a kan kantar manyan kwalabe. Kantar ta karye, suka zubo a kanka suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Wani gilashi mai faɗin tafin hannu ya shige maka gefen wuya. Ita ta fara shigowa, ba takalmi, ta taka gilashin ta wuce. Ta cire mayafinta ta danna a wuyanka, jini yana tsartuwa ta tsakanin yatsunta, tana kiran sunan Allah tana kiran maƙwabta. Kafin a sami mota ka cika a kan cinyarta.

Ni ina cikin waɗanda suka ɗauki makararka, ina kuka kamar mace ta rasa ɗa. A maƙabarta, ana zuba ƙasa, na sa hannu a aljihu zan ciro hankici. Na ji wani abu a naɗe. Na fito da shi. Jar waya ce mai kauri, bakinta biyu da murɗin filayarka, irin murɗin da zan gane ko cikin dubu. Na mayar da ita aljihu na damƙe. Wanda ke kusa da ni ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, ya san yadda muke.

Da muka koma gida, tsakar gida cike da mutane, Direba, babban ɗan naka, wanda ya kwana yana tuƙi don ya sami jana'izarka, ya shiga ɗakin. A gidan ya tashi, ya san dokar ubansa. Ya fito idonsa jawur ya ce, "Abin nan ba a ɗaure yake ba. Baba ba ya barinsa haka. Wa ya shiga ɗakin nan?" Matarsa tana zaune cikin mata, ƙafafunta biyu a naɗe da bandeji. Ta ce, "Ni na yi shara da azahar." Bai bari ta ƙara ba. Ya tsallake mutane ya ɗauke ta da mari, ta kife a kan tabarma. Ya finciko ta ya ƙara mata, leɓenta ya fashe. Ya ja ta a ƙasa har zaure, bandejin ya warware, sawun jini ya bi su. Yana cewa, "Ke kika kashe shi! Tsintsiyarki ta fi ran ubana?" Maza huɗu suka riƙe shi da ƙyar. Ya ce ta bar masa gida, kada ya sake ganinta. 'Yarsu ƙarama tana ihu, kakarta ta rufe mata ido.

Ina tsaye a wurin, Injiniya. Taku biyar tsakanina da su. Hannuna yana cikin aljihu a kan wayar. Ni da na yi dambe da ƙarti a fili, ni da ake tsoron bakina a tasha, ban ce uffan ba. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na ji tsoron hannun yaron nan, na ji tsoron idon matarka, na fi jin tsoron a ce wanda ka cire daga wuta shi ya kashe ka.

Kwana tara na yi haka. Kullum ina zuwa zaman makoki, ana ba ni wuri a gaba, ana yi mini gaisuwa kamar ɗan'uwanka na jini. Ina jin mata suna cewa dama yarinyar rawar kai gare ta, dama ta cika shisshigi. Ina karɓar addu'a ina shafawa. Abinci ya daina wuce mini. A fili na fasa abin da bai kamata a fasa ba, na kori ma'aikaci a kan laifin da bai yi ba. Sau biyu na ɗauki wayar zan jefa cikin buhun jan ƙarfe, ta bi mota ta narke, magana ta mutu. Ban iya ba, kuma ba zan ce don kirki ba ne. Murɗin nan naka ne ya hana ni.

Rana ta goma da safe na sami Direba a ƙofar gida yana wanke mota. Na miƙa masa wayar na faɗa masa komai a tsaye. Ya jujjuya ta a hannu, ya dube ni, ya ce, "Kawu, kana wurin fa." Na ce ina wurin. Naushin farko a ido ya same ni. Na biyu ya kai ni ƙasa. Ya sa ƙafa, na ji haƙarƙarina ya amsa, ya ɗauko bokitin ƙarfe ya rafka mini a kafaɗa. Ban kare ba, ban yi ihu ba, na so ma ya ƙara. Matarka ce ta fito ta tsaya a tsakaninmu da takabarta, ta ce, "Ya isa. Jinin da aka zubar a gidan nan ya isa." Ya saki bokitin ya zauna a cikin ruwan wankin mota ya rufe fuska yana kuka, yana kiran sunan matarsa. Ban riƙe shi da komai ba. Dukan da ya yi mini nawa ne, kwana tara ya yi a jikin wata.

Daga nan ban je asibiti ba, gidan ubanta na nufa. Tsohon ya so ya hana ni shiga, da ya ji abin da ya kawo ni ya kauce. Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta rame, ƙafafun har yanzu ba sa taka ƙasa sosai. Na durƙusa a gabanta, ni da na isa in haife ta, na faɗa mata. Na zaci za ta yi kuka, ko ta zage ni, ko ta yi hamdala. Sai ta dubi hannuwanta. Sannan ta ce:

"Baba, ni fa na yarda ni ce. Kullum sai na sake sharar nan a raina. Ina ganin kamar tsintsiyar ta taɓa wani abu, kamar na ji wani abu ya faɗi na kwashe da shara. Har na roƙi Allah Ya ɗauki raina in je in ba shi haƙuri."

Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Kwana tara, Baba. Kana ina?"

Mijinta ya je biko sau uku. Ba ta ce ba za ta koma ba, ba ta ce za ta koma ba. Ubanta ya ce mutum ɗari suka ji an kira 'yarsa mai kisa, ba zai karɓi wankewar da aka yi a zaure ba. Gaskiyarsa. Don haka duk wanda ya tsaya a tsakar gidan nan ranar Laraba, duk wadda ta ce dama rawar kai gare ta, ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba. Yarinyar nan ba ta taɓa komai ba. Ta share ɗaki kamar yadda ta saba, ta bar wayar a inda take. Abin da ta yi kawai shi ne ta taka gilashi da ƙafa tsirara ta riƙe wuyan surukinta har ya cika. In hukuma tana nemana, ina filina, ba inda za ni.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maka. Ka san zafin zuciyarsa, Ka kuma san abin da ke ƙarƙashinta. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka masa shi. Ka sa zafin da ya ji a ƙarshe ya zama kankarar zunubi. Hannuwan da ya ƙona don wani, Ka haramta wa wuta su. Ka haɗa shi da iyayensa a gidan rahama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa, wadda ta tare mini duka a ranar da ba ta da dalilin tarewa, ga Direba da ƙannensa, ga jikoki, ga abokan aikinsa na dā, ga masu gyaran unguwa da yanzu ba su da inda za su kai mitocinsu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsare bayansa. Ban roƙi ku yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna.

Ke kuma 'yata, ke aka hana zaman makokin mutumin da kika fi kowa yi wa hidima, ba wanda ya ce miki ya haƙuri. To, ya haƙuri. Allah Ya jiƙan Babanki, Ya warkar da ƙafafunki, Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ko komawa ko zama. Tambayar da kika yi mini kuwa, na juya ta ta kowace fuska, har yau ba ni da amsar da zan iya kawo miki.